Kowloon: Yadda Unguwar Duhu Ta Zama Lambun Shaƙatawa

Wani ɗan sharaɗi a yarjejeniyar 1898 ne tushen maganar. A shekarar ce daular Qing ta Sin ta ba Birtaniya hayar yankunan da ke arewa da Hong Kong na shekara 99, amma ta cire wani ƙaramin sansanin soja a Kowloon, wanda aka gama zagaye shi da ganuwa a 1847, ta ce wannan nata ne. A 1899 sojojin Birtaniya suka shiga, jami'an Sin suka fice. Sin na iƙirarinsa daga nesa, Birtaniya kuma na gudun taɓa shi kada rigima ta tashi. Wuri ya zauna ba mai shi.

Japanawa suka rushe ganuwar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka kwashe duwatsun don faɗaɗa filin jirgin Kai Tak. Da yaƙi ya ƙare 'yan gudun hijira suka kwararo. An yi yunƙurin tashinsu a 1948, aka yi tarzoma, gwamnati ta nannaɗe hannunta. Ƙungiyoyin 'yan daba irin su 14K da Sun Yee On suka riƙe gidajen caca, karuwanci da shan opiyam, har sai da 'yan sanda suka yi ta kai samame a 1973 da 1974 kafin ƙarfinsu ya karye.

Sai dai akasarin mazauna ba su da haɗi da wannan harka. Masu neman abinci ne: masu cire haƙori marasa lasisi, masu sarrafa kifi da taliya, masu ƙananan masana'antu. A fili mai hekta 2.6 kacal, ƙidayar gwamnati ta 1987 ta kiyasta mutum 33,000. Benaye sun manne da juna, wasu hawa goma sha huɗu, kuma jiragen da ke sauka a Kai Tak ne kaɗai suka hana su ƙara tsawo. Rana ba ta isa lungunan ƙasa, ruwa na ɗiga daga bututu dare da rana, shi ya sa ake kiran wurin Birnin Duhu.

Abin da ya gagara shekara kusan casa'in ya yiwu ne bayan sanarwar haɗin gwiwa ta 1984 tsakanin Birtaniya da Sin kan mayar wa Sin Hong Kong. A ranar 14 ga Janairu 1987 aka sanar da cewa za a rushe unguwar. An ware kimanin dalar Hong Kong biliyan 2.7 ta diyya, waɗanda suka ƙi tashi kuma aka fitar da su da ƙarfi. Rusau ya fara a Maris 1993, ya ƙare a Afrilu 1994. Gwamnan Hong Kong Chris Patten ya buɗe lambun da aka yi a wurin a Disamba 1995.

An tsara shi kan salon lambunan Jiangnan na farkon zamanin Qing, da tafkuna, rumfuna da hanyoyin dutse. An gyara tsohon ofishin hakimi, wato yamen, sannan wajen tono aka gano ragowar Ƙofar Kudu da allunan dutse biyu masu ɗauke da sunan ƙofar da na birnin. A ganina lambun ya fi tuna hakiman Qing fiye da talakawan da suka rayu a wurin. Su kasonsu shi ne 'yan ɗakunan baje koli a cikin yamen da wani ƙaramin samfurin unguwar na tagulla.