Tudun Mayu: Dajin Da Aka Sassaƙa Wa Tatsuniya

'Yar'uwa, kada sunan ya firgita ki, ba maye ko ɗaya a wurin. Tudu ne a cikin daji, kusa da wani ƙauyen masunta mai suna Juodkrante a ƙasar Lituwaniya, can Turai. Abin da ya sa na ɗauko miki labarinsa shi ne tatsuniya, wadda mu mata aka sani da ita.

Bari in fara da dajin kansa. Yana kan wani siririn tsiri na rairayi mai tsawon kilomita 98, ruwa dama ruwa hagu. A da itatuwa ne suka riƙe rairayin, sai mutane suka yi ta sara, musamman a 1757 da sojojin Rasha suka buƙaci katako lokacin yaƙi. To kin san rairayi in ya rasa saiwa. Haka iska ta yi ta tura shi, har ya binne ƙauyuka 14, gidaje da maƙabartu duka. Daga 1825 aka duƙufa da dashe, shekara da shekaru, kafin ya tsaya. Duk wadda ta san kwararowar hamada ba sai an yi mata dogon bayani ba.

A 1979, lokacin ƙasar tana hannun Tarayyar Sobiyat, masassaƙa suka taru a tudun da gizagonsu. Ba su sassaƙa shugaba ko soja ba, mutanen cikin tatsuniyoyin kakanninsu suka fitar daga gungumen itace. Ni dai a ganina wannan ba ƙaramin wayo ba ne, don mai mulki yakan sa ido a kan jarida, amma wa zai kai ƙarar tatsuniya? Sai a 1990 ƙasar ta shelanta 'yancinta. Yau sassaƙen sun kai kimanin 80.

Hanyar ma tafiyar tatsuniya take yi. Da farko ana wuce jarumai da mutanen kirki, cikinsu har da Neringa, wata ƙatuwar budurwa wadda wai ita ta yi ta ɗebo rairayi a zanenta tana zubawa a teku, don ta kare masunta daga igiyar ruwa. Kin ji, a wajensu mace ce ta gina ƙasar! Daga nan sai daji ya yi duhu, a shiga sashen mayu da shaiɗanu, wasu ma na zaune suna karta. Can gaba sai ga zakara ya miƙe wuya, alamar asuba ta yi, dodanni sun watse.

Shi itace ba dutse ba ne. Ruwan sama da sanyi suna cinsa, shi ya sa masassaƙa kan koma su gyara wanda ya tsage, su ƙara sabo. Yaran ƙauyen kuwa hawa suke yi kansu suna wasa.