Tattasan Szeged da Bitamin da Aka Soke Sunansa

Garin Szeged yana kudancin ƙasar Hungari, a bakin kogin Tisza, kuma tun da daɗewa an san shi da jan tattasai da ake shanyawa a daka, wanda suke kira paprika. Wannan amfanin gona ne ya kai sunan garin cikin littattafan likitanci.

A shekarar 1932, Albert Szent-Györgyi, malami a jami'ar garin, ya gano cewa tattasan nan cike yake da bitamin C, har ya riƙa tace shi da yawa yana aika wa masu bincike a wasu ƙasashe. An ba shi lambar Nobel a 1937.

Sai dai kafin nan wani abu ya ɗaure masa kai shi da likita István Rusznyák. Akwai majinyata da jini ke tsattsafo musu a ƙarƙashin fata, jiki ya yi ɗigo-ɗigo ja, saboda ƙananan jijiyoyin jininsu sun yi rauni. Waɗannan jijiyoyi sun fi gashi siranta, bangonsu kuwa kaurin ƙwayar halitta guda ne tak. Tataccen bitamin C bai tsayar da yoyon ba, amma ruwan tattasai ko na lemon tsami ya yi tasiri. Suka ciro wani sinadari daga lemon, dangin flavonoid, masu ba tsirrai da yawa launi, suka gwada shi a kan mutane da ɓerayen Masar. A 1936 suka raɗa masa suna bitamin P.

Sunan bai yi ƙarko ba. A Landan, wani mai bincike, S. S. Zilva, ya maimaita gwajin dabbobin bai samu irin sakamakonsu ba, kuma ba a taɓa nuna wata cuta da rashin sinadarin ke jawowa ba. A 1950 masana a Amurka suka ce a daina kiransa bitamin, kuma hukuncinsu daidai ne.

Amma abin da mutanen Szeged suka lura da shi bai tafi a banza ba. Maganin Daflon, wanda kamfanin Servier na Faransa ke yi da diosmin da hesperidin, dangin sinadaran ɓawon lemo, yana rage yoyo da kumburi a ƙananan jijiyoyi. Likitoci na rubuta shi ga masu basir da masu kumburin jijiyoyin ƙafa, har a asibitocin Najeriya.