Cibiyar Sasanta Musulmi da Kirista ta Kaduna

Cibiyar Sasanta Mabiya Addinai, wadda aka fi sani da IMC, ƙungiya ce mai zaman kanta da ke birnin Kaduna. Mutum biyu ne suka kafa ta: Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. Tushenta yana komawa shekarar 1995, lokacin da suka fara wani dandalin tattaunawa na matasan Musulmi da Kirista. Aikinta shi ne shiga tsakanin al'ummomin da suka yi rikici, da horar da malamai da fastoci da shugabannin matasa kan sulhu. Abin da ya fito da sunanta duniya kuwa shi ne tarihin waɗanda suka kafa ta, domin kafin su zauna a tabarma ɗaya kowannensu jagora ne a ɓangaren matasan da ke gaba da ɗaya ɓangaren.

Ba da su aka fara irin wannan yunƙuri ba. Tun 1959 majami'un Furotesta suka buɗe wani shiri na nazarin Musulunci a Afirka, wanda daga baya ya zama PROCMURA. A 1965 Cocin Katolika ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda ta ce tana girmama Musulmi, kuma ɗan Najeriya ne, Francis Arinze, ya riƙe ofishin Fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002. Sai dai duk wannan harka ce ta masana da manyan limaman coci. A unguwanni kuwa abu sai ƙara tsami yake yi: ce-ce-ku-ce kan shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986, sai rikicin Kafanchan na Maris 1987 wanda ya fara daga Kwalejin Ilimi ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa.

Ashafa ɗan gidan malamai ne, ya tashi cikin karatun allo da na littattafai, ya zama jigo a majalisar ƙungiyoyin matasan Musulmi ta jihar Kaduna. Wuye ɗan soja ne, ɗan ƙabilar Gbagyi, mabiyin cocin Assemblies of God, ya kuma riƙe muƙami a reshen matasa na ƙungiyar Kiristoci ta CAN. A 1992 rigima ta ɓarke a Zangon Kataf tsakanin Atyap da Hausawa. Mafarinta batun sauya wa kasuwa matsuguni ne, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar jayayya kan gonaki da sarauta. Da wutar ta iso Kaduna a watan Mayu, sai ta koma faɗan addini tsantsa. A nan Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa kuma aka kashe masa malaminsa, dattijo, da 'yan uwansa biyu.

Sun haɗu a 1995 a gidan gwamnatin Kaduna, wurin wani taro kan rigakafin yara. Wani ɗan jarida da ya san su duka ne ya haɗa hannuwansu, ya nuna musu cewa zaman lafiyar jihar yana iya kasancewa a hannunsu. Su da kansu sun sha faɗa cewa haɗuwar ba ta wanke zukata nan take ba. Ashafa ya ce abin da ya karya masa zuciya wata huɗubar Juma'a ce a kan yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi wa mutanen Ɗa'ifa mugun baki bayan sun jefe shi. Wuye ya fi shi jinkiri. Ya ba da labarin cewa shekaru suna tafiye-tafiye tare, wani lokaci suna kwana ɗaki ɗaya, amma yana jin kamar ya danne abokin tafiyarsa da matashi. Abin da ya fara sassauta shi ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa a asibiti ce, sai kuma wani fasto da ya gaya masa ƙarara cewa ba a yin bishara da ƙiyayya a zuci. Abin lura a nan, kowannensu daga bakin nasa malamin ya ji maganar da ta juya shi, ba daga ɗaya ɓangaren ba. Wannan ya zama ginshiƙin aikin cibiyar: limami ya tunkari Musulmi da Alƙur'ani da Hadisi, fasto ya tunkari Kirista da Littafi Mai Tsarki, ba wanda ake neman ya sassauta aƙidarsa. A 1999 suka wallafa littafi tare kan wannan hanya. A wannan shekarar ce kuma aka kafa majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, wadda Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagoranta tare.

Jarrabawa ta zo da wuri. A Fabrairu 2000 muhawara kan aiwatar da shari'ar Musulunci a jihar ta rikiɗe zuwa kashe-kashe mafi muni a tarihin birnin, aka sake wani a watan Mayu. Bayan nan Kaduna ta rabe: Musulmi suka tattara zuwa arewacin kogi, Kirista zuwa kudu, mutane suna sayar da gidajen da suka tashi a ciki a wulaƙance don su tsira. Ranar 22 ga Agusta 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, shugabannin addini 22, goma sha ɗaya daga kowane ɓangare, suka sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna. An ɗauko samfurinta daga sanarwar da malaman Musulmi da Kirista da Yahudawa suka yi a Iskandariyya ta Masar a farkon shekarar, kuma Ashafa da Wuye na cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar haɗa ta. Wata uku kacal bayan haka, wani rubutu na jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tayar da tarzomar da ta ci rayuka sama da 200. Masu kushe sun ce ga amfanin takardar nan an gani. Masu kare ta sun ce duba shekarun da suka biyo baya, inda Kaduna ta yi shiru yayin da wasu garuruwan Arewa ke ci da wuta, har zuwa rikicin bayan zaɓen 2011. Kowanne yana da hujja, amma na biyun sun fi kusa da gaskiya, domin yarjejeniya ba ta hana fitina tashi, abin da take yi shi ne ta samar da mutanen da za su iya kiran juna a waya da tsakar dare.

Aikin da ya fi nuna ƙwarewar cibiyar shi ne na Yelwan Shendam a jihar Filato. A Fabrairu 2004 aka kashe Kiristoci da dama, wasu a cikin coci. A watan Mayu aka yi ramuwar gayya da ta hallaka ɗaruruwan Musulmi, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Masu sasantawar sun riƙa zama da kowane ɓangare shi kaɗai, su bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan a tantance ƙorafe-ƙorafen da za a kai zaman haɗin gwiwa. A nan aka ga cewa yawancin koken ba na salla ko coci ba ne: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wa ke da sarauta, wa ke da kasuwa. A 2005 al'ummomin suka yi bikin sulhu a bainar jama'a, aka nemi gafarar juna.

Daga nan sunan Ashafa da Wuye ya ƙetare iyaka. An yi fim a kansu a 2006 mai suna The Imam and the Pastor, an gayyace su Kenya bayan rikicin zaɓen 2007 inda suka yi aiki a garin Burnt Forest, kuma a 2009 suka karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Chirac a Faransa. A gida kuwa sukar da ake musu ba ta ƙare ba. Wasu Musulmi suna ganin zama da fasto a dandali ɗaya sassauci ne a addini, wasu Kirista suna ganin an yaudari Wuye ne kawai. Akwai kuma masu cewa cibiyar ta dogara da kuɗin ƙasashen waje fiye da kima, musamman na hukumar raya ƙasashe ta Amurka wadda ta ɗauki nauyin shirinta na horar da malamai da kafa kwamitocin sa ido a wasu jihohin Arewa, kuma irin wannan tallafi yana zuwa da wa'adi, yana ƙarewa ko aikin bai ƙare ba.