Hoto Ba Ya Faɗin Bashi

'Yan uwana mata, nuna arziki a hoto tsohuwar al'ada ce, kuma ba mu muka fara ta ba. A shekarar 1634 a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wani mai zane, Rembrandt, ya zana wasu ango da amarya, Marten Soolmans da Oopjen Coppit, tun daga kai har ƙafa. A da can sarakuna da manyan fadawa ake yi wa irin wannan zane, amma su 'ya'yan 'yan kasuwa ne, kuɗi ya ba su dama. Amarya ta sha baƙin siliki da leshi da lu'ulu'u, ga mafici na gashin tsuntsu a hannu. Abin da zanen ya ɓoye shi ne dukiyar gidan ango daga sukari ta fito, rakensa kuwa bayi 'yan Afirka ke noma shi a Brazil. Ango ya rasu a 1641 yana saurayi. A 2016 Faransa da Holan suka haɗa kuɗi Yuro miliyan 160 suka sayi zanunan biyu.

Mu a nan, kafin zuwan kyamara jere shi ne hoton mace. Kakanninmu na Garu da ƙauyukan Dutse ƙorai suke jerawa, daga baya tasoshi da kwalla da langa suka shigo, sai tangaran a cikin kabet. Mai shiga ɗaki ta ɗaga kai, nan take ta san ƙarfin gidan da amarya ta fito. Da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, ma'aikata suka cika gari, masu ɗaukar hoto suka samu kasuwa. Amarya ta ɗaura atamfa 'yar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, ta tsaya gaban jerenta a ɗauka. Yanzu kuma waya ce ke yaɗa hoton ko'ina.

To 'yar uwa, in kin ga irin wannan hoto, ki tuna ba ya faɗin gonar da uba ya sayar, ko adashin da uwa ta ɗauka tana kuka wajen zubi. Sarƙar ma wata sa'a ta aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ki yi ado daidai ƙarfinki, kar ki tayar wa iyaye ko maigida hankali don wata ta yi. Allah ya rufa mana asiri, amin.