Intanet na gida: abin da ke cinye mega, da yadda ake zaɓen forfe mai sauƙi

A gidaje da dama na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuɗin intanet ya shiga sahun kuɗin wuta da na ruwa, waɗanda ake fitarwa kowane wata. Ɗalibai suna karɓar darussa ta WhatsApp, ƴan kasuwa suna tallan hajarsu ta Facebook da TikTok, iyali kuma suna gaisawa da ƴan uwa mazauna ƙetare ta kiran bidiyo. Kukan da aka fi ji shi ne mega da aka saya na wata guda ya ƙare tun ba a yi sati biyu ba. Galibi abu uku ne ke jawo haka: rashin sanin ma'aunin da ake sayar da shi, na'urorin da ke sha a ɓoye, da sayen forfen da bai dace da buƙatar gidan ba.

Mega, jiga da gudu

Ana sayar da intanet da ma'auni biyu, kuma mutane da yawa kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne yawa, wato adadin bayanan da aka ba mai saye izinin amfani da su. A ƙasashe masu amfani da Faransanci kamar Nijar, Cadi da Kamaru ana rubuta shi Mo da Go, a Najeriya da Gana kuwa MB da GB. Duka abu ɗaya ne. Jiga ɗaya daidai yake da mega 1,000, ko 1,024 a lissafin wasu na'urori.

Na biyu shi ne gudu, wanda ake rubutawa Mbps ko Mbit/s. Shi da bit ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin octet guda. Ke nan layin da aka ce yana da gudun 10 Mbps, mega 1.25 yake saukewa a daƙiƙa. Idan aka bar shi yana sauke kaya da iyakar ƙarfinsa na awa ɗaya, zai cinye jiga 4.5. Wannan ne ya sa wanda ya koma 4G daga 3G yake ganin megansa ya fi saurin ƙarewa. Da manhajojin bidiyo sun ga layi yana da ƙarfi, sai su ɗaga ingancin hoton da kansu, shan ya ƙaru.

Abin da ya fi ci

Bidiyo ne ke cinye kaso mafi girma. Alƙaluman da Netflix yake ba masu hulɗa da shi sun nuna kallon awa ɗaya a matsakaicin inganci yana iya kaiwa jiga 1, a HD jiga 3, a 4K kuma har jiga 7. A YouTube, awa ɗaya a 480p tana cin wajen rabin jiga. Saƙon rubutu da kiran murya na WhatsApp ba su da ci sosai, domin minti ɗaya na kiran murya bai kai mega ɗaya ba, amma kiran bidiyo ya ninka haka sau da yawa.

Idan aka ɗauki gida mai waya shida a matsayin misali, kowa yana kallon bidiyo na awa ɗaya a rana a kan rabin jiga, an tashi da jiga 3 a rana, jiga 90 a wata. Gidan da ya sayi forfen jiga 30 zai gan shi ya ƙare a kwana goma, ba tare da kowa ya yi abin da ya wuce ƙa'ida ba.

Akwai kuma shan da ba a gani. Waya takan ɗauki wifi a matsayin layi marar iyaka, saboda haka da an haɗa ta da akwatin gida sai ta fara sabunta manhajoji da tura hotuna zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud. Kwamfuta mai Windows na iya sauke sabuntawar jiga da dama a dare ɗaya. Ga kuma rukunonin WhatsApp da ke sauke kowane bidiyo da aka turo, an kalla ko ba a kalla ba, da talabijin mai intanet da aka bari a kunne babu kowa a ɗaki.

Toshe yoyo

Kafin a yi maganar sauya kamfani, ya kamata a fara toshe waɗannan kafofi. A WhatsApp ana kashe saukewar hoto da bidiyo ta kai tsaye a sashen ajiya da bayanai. A Facebook da YouTube ana hana bidiyo tashi da kansa, a kuma tsaida ingancinsa a 360p ko 480p, wanda ya wadatar a fuskar waya. Android da iPhone duka suna da tsarin tsimin mega, kuma a cikinsu da Windows ana iya shaida wa na'ura cewa wifin gidan mai iyaka ne, sai ta dakatar da manyan saukewa. Karatu ko wa'azin da za a saurara sau da yawa gara a sauke shi sau ɗaya, a raba wa sauran ƴan gida ta Bluetooth ko Xender, waɗanda ba sa taɓa mega.

Shi ma akwatin wifi yana buƙatar kulawa. A bayansa akwai adireshi, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, wanda ake shiga ta waya a ga jerin na'urorin da ke haɗe da yawan abin da aka sha. Idan an ga na'urar da ba ta gidan ba, lambar sirri ta fita waje. A sauya ta da doguwa, a tabbata kariyar WPA2 ko WPA3 tana aiki. Baƙi kuma a buɗe musu layin baƙi daban in akwatin yana da shi.

Hanyoyin da ake da su

A Nijar kamfanoni huɗu ne ke da lasisin wayar salula: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 da haɗewar Sonitel da SahelCom. Hanya mafi yaɗuwa ta kai intanet gida ita ce akwatin 4G mai ɗauke da layin salula. Ba ya buƙatar jan waya, ana kuma iya tafiya da shi, sai dai gudunsa yana raguwa da dare lokacin da jama'ar unguwa suka taru a kan eriya ɗaya.

Zaren fiba ya fi tsayuwa, kuma yawanci da gudu ake sayar da shi ba da yawan jiga ba, amma iyakarsa unguwannin manyan birane da aka shimfiɗa shi. Hanya ta uku ita ce tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ya kuma shigo Nijar da Cadi a 2025. Amfaninsa ya fi fitowa a karkara inda babu rezo mai ƙarfi, amma kayansa na da tsada, kuma babban farantinsa yana cin wat 75 zuwa 100, alhali akwatin 4G bai cika wuce wat 15 ba. Gidan da ya dogara da batir da hasken rana dole ya saka wannan a lissafi.

Kasancewar Nijar ba ta da gaɓar teku, akasarin intanet ɗinta yana biyowa ta ƙasashen maƙwabta daga wayoyin ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024, lalacewar huɗu daga cikinsu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, ta kawo tsaiko a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Wanda sana'arsa ta rataya a kan intanet zai fi samun kwanciyar hankali da layi na biyu daga wani kamfani, ko da ba ya maganin kowace irin katsewa.

Yadda ake kwatanta farashi

Matakin farko shi ne sanin abin da gidan yake sha a wata, daga ma'aunin akwatin wifi ko na wayoyi. Daga nan sai a raba kuɗin kowane forfe da yawan jigansa. A ɗauka, don misali, forfen wata na jaka 15 yana ba da jiga 30. Kowane jiga ya tsaya a sefa 500, wato dala ɗari. Forfen kwana ɗaya na jaka guda mai jiga ɗaya da rabi kuwa ya tashi a kan kusan sefa 667, kuma mai sayensa kullum zai kashe jaka 30 a wata. Idan kuma wa'adin forfen watan ya cika an sha jiga 20 kaɗai, ainihin farashin ya koma sefa 750. Kuɗin na'ura ma yana shiga lissafi, domin akwatin jaka 36 daidai yake da ƙarin jaka 3 a kowane wata na shekarar farko.

Akwai tambayoyin da ya dace a yi wa mai sayarwa kafin a biya. Shin ragowar mega yana wucewa wata na gaba idan an sabunta da wuri? Nawa ne daga cikin jigan aka ware wa dare ko wa wasu manhajoji kaɗai? Idan forfe ya ƙare, layin yana tsayawa ne ko yana komawa cin kuɗin da ke cikin waya a farashi mai tsada? Tsarin da aka rubuta illimité a kansa shi ma sau da yawa yana da ƙa'idar da ke rage gudu bayan an kai wani adadi, don haka a nemi sanin adadin da gudun da za a koma. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma forfe mai arha a unguwar da rezon kamfanin ba shi da ƙarfi asara ce. Gara a sayi ƙaramin forfe a gwada shi a cikin gidan, tsakanin ƙarfe 8 da 11 na dare, kafin a ɗaura wa kai na wata ko a sayi akwati.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta Najeriya ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari, abin da ya shafi mazauna kan iyaka masu riƙe layukan ƙasashen biyu. Yana da kyau a sake wannan lissafi duk bayan ƴan watanni.

Inda ake kai ƙorafi

Wanda ya ga an cire masa kuɗi ko mega ba bisa ƙa'ida ba, ya fara da sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin, ya ajiye saƙon sayen forfen da hoton ma'aunin na'urarsa, ya kuma karɓi lambar ƙorafi. Idan ba a warware ba, sai ya kai maganar gaban hukumar da ke sa ido kan sadarwa: ARCEP a Nijar da Cadi, NCC a Najeriya, ART a Kamaru, NCA a Gana. Ƙorafin da ke ɗauke da rana, lokaci da adadin abin da ya salwanta ya fi saurin samun amsa.