Daga turmin ƙuli-ƙuli zuwa kwalbar fetur a Birnin Konni

Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma a wurinta na fara ganin abin da littafin kimiyya ke kira ruwaye marasa haɗuwa. Idan ta soya gyaɗa aka markaɗa, sai ta zuba a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa. Can sai ka ga ƙullun ya dunƙule, mai ya taso sama yana ƙyalli.

Abin da ke faruwa shi ne, garin gyaɗa ya fi son ruwa a kan mai. Da ya sha ruwa sai ya haɗe jikinsa, ya saki man da yake riƙe da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta man gyaɗa kuwa wajen giram 910, shi ya sa mai ke zama sama. Daga nan takan ɗora shi a wuta har ya daina ƙara, domin ruwa yana tafasa a digiri 100 ya fice, mai kuma ya zauna. Idan aka bar ruwa a ciki, man ba ya daɗewa.

Wannan sana'a tana da tarihi. Gyaɗa daga Kudancin Amurka ta zo, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikinta ya bunƙasa har aka riƙa tara dalar gyaɗa. A Nijar, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, kuma ita ce kan gaba a kayan da ƙasar ke fitarwa kafin yuraniyom ɗin Arlit ya karɓe wurinta. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman. Cinikin waje ya faɗi, amma mata ba su ajiye turmi ba.

Yau a bakin titin Konni wani mai ne ke cikin kwalabe: fetur, wanda aka yi shekara da shekaru ana ƙetarowa da shi daga Illela ta Najeriya. Doka ɗaya ce. Litar fetur wajen giram 750 ce, saboda haka ruwan da ya shiga jarka yakan kwanta a ƙasa, daidai inda babur ke jan mai daga tanki. Ɗan kabu-kabu mai wayo yakan ɗaga kwalba ya duba gindinta kafin a zuba masa.

Malamai da iyaye, ƴaƴanmu suna haddace wannan darasi da Faransanci, su manta bayan jarrabawa. Ku ba su kwalba, ruwa da cokali uku na man gyaɗa, ban da fetur. Su girgiza, su jira, su ga rabuwar. Su ƙara sabulu su ga ya haɗa su. Sannan a kai su gidan mai ƙuli-ƙuli, ita ta yi musu bayani.