Me 'yan aji huɗu zuwa shida ke koyo a Wudil?

Aji huɗu zuwa aji shida su ne shekaru uku na ƙarshe a makarantar firamare a Nijeriya, kuma a nan ne ake sa ran yaro ya riga ya iya karatu, har ya fara amfani da shi wajen fahimtar sauran darussa.

Sai dai yara da dama na kaiwa wannan mataki ba tare da sun iya haɗa baƙi ba.

A shekarar 2022, asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na yaran Nijeriya masu shekaru goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Ƙaramar hukumar Wudil, da ke kudu maso gabashin birnin Kano, na cikin wuraren da aka gwada wata hanya ta magance wannan matsala.

Abin da manhaja ta tanada

A shekarar 2008 ne aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekaru tara, wadda hukumar NERDC ta tsara, aka kuma soma amfani da wadda aka yi wa kwaskwarima a 2014.

Bisa wannan tsari, ɗalibi na koyon Turanci da lissafi da harshen yankinsu, wato Hausa a Wudil, da kimiyya da fasaha, da addini da zamantakewa.

Daga aji huɗu kuma aka ƙara masa aikin gona da tattalin gida da Faransanci, yayin da Larabci ya kasance na zaɓi.

A lissafi, ana son kafin ya bar aji shida ya iya rabawa mai tsawo, da kaso cikin ɗari, da riba da hasara, da awon tsawo da nauyi.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa, ta kuma wajabta koyar da tarihin Nijeriya.

Batun harshe

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a shekarun farko, sannan a koma Turanci, kuma aji huɗu ne ya zama mahaɗar wannan sauyi.

Yaron da bai ƙware a karatun Hausa ba kan tarar da littafin kimiyya da na lissafi cikin harshen da ba ya ji a gida, don haka sai ya koma kwafar abin da ke kan allo ba tare da ya gane ba.

A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi amfani da harshen uwa har zuwa aji shida, amma a Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar tare da mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai.

Gwajin da aka yi a Wudil

A 2019 aka ƙaddamar da shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, domin ɗalibai kimanin 37,000 'yan aji huɗu zuwa shida.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Kano, SUBEB, ce ta gudanar da shi tare da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, da British Council, da ƙungiyar TaRL Africa, bisa tallafin gwamnatin Birtaniya.

Hanyar koyarwar ta samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya.

Akan gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda ya san baƙaƙe kawai, da mai iya karanta kalma, da mai iya karanta labari.

Daga nan sai a karkasa su bisa iyawarsu, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, ana ɗaga yaro zuwa rukuni na gaba da zarar ya ci gaba.

A lissafi akan yi amfani da tsinke da ɗaurin tsinke goma-goma, yayin da ake amfani da Hausa a matsayin tsani na koyon Turanci.

Karatun gida

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, shirin ya koma gida, ta hanyar darussan rediyo da saƙonnin waya da takardun aiki, inda iyaye da yayye ke taimaka wa yaran.

Amma dama can karatun gida ba baƙo ba ne a ƙasar Kano.

Bayan an tashi daga boko, yara da yawa kan wuce Islamiyya ko makarantar allo, inda suke koyon Alƙur'ani da tajwidi da hadisi, da littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi.

Wasu kuma na taya iyayensu noma ko kamun kifi ko talla, musamman ranar Juma'a da babbar kasuwar Wudil ke ci, abin da ke koya musu lissafin ka, amma yake rage lokacin bitar darasi.

Ke nan yaro ɗan shekara goma na fama da harsuna uku da rubutu iri biyu, na boko da na Larabci.

Sauran ƙalubale

Jihar Kano ta ayyana ilimin firamare da sakandare a matsayin kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, yana mai nuni da ƙarancin malamai da azuzuwa da kujeru.

Manufar ilimi ta ƙasa dai ta ce kada malamin firamare ya riƙe yara fiye da 35.

Ga iyaye, gwajin da aka yi amfani da shi a Wudil abu ne da za a iya yi a gida: a ba yaro gajeren labari da Hausa ya karanta a bayyane, sannan a tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa.